Ɗana Zai Tafi Sansanin 'Yan Sikawut, Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Kano. A kan ɗan farina nake rubuto miki, yau dai na ajiye kunya a gefe. Shekararsa 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma tun da ya shiga sikawut a makarantarsu ba shi da zance sai nasu. Yanzu an ba su takarda wai za a kai su sansani na kwana uku a hutun Disamba. A tanti za su kwana, kuma akwai ranar da za su yi tattakin kilomita 8, kowa da jakarsa a baya. Takardar ba ta faɗi ainihin wurin ba, "bayan gari" kawai aka rubuta. Babansa ya ce sai ya je, wai shi ma ya yi sikawut yana yaro, kuma ni ce nake neman sangarta shi. Hajiya surukata ta ce ba da yawunta ba. Ni ga ni a tsakiya. Yaron yana da asma, sanyi da ƙura suna tayar masa da ita. Bai taɓa kwana a wani wuri ba sai gidan kakarsa, ko safarsa bai iya wankewa ba. Ga kuma halin da ƙasa take ciki. Saura mako biyar. Wallahi har na yi tunanin in ɓoye takardar sai lokacin mayarwa ya wuce, ko in ce wa malaminsu ba shi da lafiya. Amma in na ga yadda yake ninke ƙyallen wuyansa yana ajiyewa ƙarƙashin matashi sai tausayinsa ya kama ni. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai ina so ki sauke wani nauyi daga ƙirjinki. Tsoron da kike ji yana da tushe. Uwar da ta ji labarin Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantarsu ta kwana, ta ji na Jangebe a Fabrairun 2021, ta kuma ji na Kuriga a Maris ɗin 2024, dole gabanta ya faɗi in aka ce za a kwana da ɗanta a bayan gari. Kada ki bari a sa ki ji kunyar wannan. Sai dai na lura kin tattara damuwa iri-iri kin ƙulle su ƙulli ɗaya: tsaron wurin, lafiyar ƙirjin yaron, da kuma ganin da kike yi bai iya yi wa kansa komai ba. Shi ya sa suka yi miki nauyi har kika fara tunanin ɓoye takarda. In muka kwance ƙullin za ki ga wani na manya ne, wani na likita ne, wani kuma aikinki ne ke da yaron a cikin makonnin nan biyar.

Maganar ɓoye takarda dai ki cire ta daga ranki tun yau. Makaranta ba ta da sirri. Ranar da aka dawo daga hutu abokansa za su tambaye shi, malamin zai ce masa ya jiki, shi kuwa ya san lafiyarsa ƙalau. A nan zai gane ke ce kika yi, kuma yaro mai shekara 12 ba ya manta irin wannan. Gobe in wani abu mai muhimmanci ya taso, ke zai fara ɓoye wa. Ga maigidanki, wanda zai ga an zagaye shi. Akwai kuma haɗari na musamman ga mai asma: in kika yi ƙaryar ciwo sau ɗaya, ranar da ciwon gaske ya zo za a yi ta kokwanto. In har za a hana shi, a hana shi a fili, ku biyu da babansa, a faɗa masa dalili.

Yanzu mu zo kan kalmomin nan biyu da suka fi tsaya mini a wasiƙarki, "bayan gari". Wannan ba adireshi ba ne, kuma bai kamata uba ko uwa su sa hannu a takardar da ba ta faɗi inda za a kai ɗansu ba. Mai yiwuwa ne masu shirin sun ƙi rubuta wurin ne da gangan don kada labari ya bazu, kuma in haka ne sun yi tunani. Amma abin da aka ɓoye wa duniya ba a ɓoye wa iyaye. A nan ne nake so ki ba maigidanki aiki, tunda shi ne mai son tafiyar kuma ya san harkar. Ki samu lokacin da ya huta ki ce masa, "Na yarda ya je, amma ina roƙon ka je ka ga malamin, ka kuma ga wurin da idonka." Kin ga a nan gardamar ta tashi daga tsakaninku ta koma kan abin da za a iya dubawa.

In ya je, ga abin da ya kamata ya dawo da amsarsa. Wurin yana da katanga da mai gadi, kamar harabar makaranta ko filin wata hukuma, ko kuwa fili ne a buɗe? An sanar da 'yan sandan yankin da mai unguwa ko dagacin wurin? Waya tana samuwa a can? Akwai mota da za ta kwana a sansanin da direbanta da mai a cikinta, ko sai an kira daga gari? Minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa? Manya nawa ne za su tafi da yara nawa, kuma a cikinsu wa ya iya taimakon gaggawa? Daga ina ruwan sha zai fito? Hanyar tattakin, wani daga cikin malaman ya taka ta da ƙafarsa kwanan nan? Sannan wace mota ce za ta kwashe su, kuma da rana za a yi tafiyar, zuwa da dawowa? Na sa wannan ne domin mun sha ganin an cusa yara a bas ɗaya kamar buhuna, alhali hanya ma abin tsoro ce. Malamin da ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, amsarsu tana bakinsa. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce ku dai ku bar wa Allah, to ya ba ku amsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara. In wurin yana yankin da ake jin ɗuriyar 'yan bindiga, ko kan hanyar da mutane suka daina bi da yamma, to shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: kada ya je, ko da duk sauran abubuwa sun yi daidai.

Akwai tambaya ɗaya da iyaye suke jin nauyin yi, ni kuwa ina ganin ita ce ba a tsallakewa. Yaya tsarin kwana yake? Yara su kwana da sa'o'insu, manya a tantinsu daban amma kusa, kuma kada a bar babban mutum guda ya keɓe da yaro guda inda ba a ganinsu. Ku ma a gida ku zaunar da shi, gara babansa ya yi masa wannan maganar, a faɗa masa a fili cewa jikinsa nasa ne, ba mai ikon taɓa shi ko kiransa shi kaɗai cikin dare, malami ne ko babban ɗalibi. In wani ya yi abin da ransa bai kwanta da shi ba, ya tashi ya tafi cikin mutane, ya faɗa wa wani babba, kuma ya sani in ya dawo gida ya faɗa ba za a yi masa faɗa ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ku maimaita masa ita.

Sai asma. A nan zan ɗan yi wa maigidanki magana ta bakinki, cikin girmamawa. Asma ba ragwanci ba ce, kuma juriya ba ta buɗe hanyar numfashi. Yara masu asma da yawa suna wasannin motsa jiki suna tafiye-tafiye lafiya lau, matuƙar ciwon yana ƙarƙashin kulawa. Amma sansanin Disamba ya tara masa abokan gabarsa wuri guda: sanyin asuba, ƙurar hunturu, hayaƙin itace, ga kuma wahalar tafiya. Don haka a cikin makon nan ku kai shi wurin likitansa, ku faɗa masa komai, kwana uku a tanti da tafiyar kilomita 8 da kaya. In an kwantar da shi a asibiti kwanan nan, ko yana neman inhela, wato maganin asma na shaƙa, sau da yawa a mako, ko tari yana tashinsa cikin dare, likita ya sani, domin alamu ne cewa ciwon bai kwanta ba. Abin da likita ya yanke shi ne hukunci, kuma ki roƙi babansa ku amince da haka tun kafin ku shiga. In ya ba da izini, ya rubuta muku a takarda: wane magani, sau nawa, ko zai shaƙa kafin a fara tafiya, da abin da za a yi in ta tashi. Inhela biyu za a tafi da su. Ɗaya a aljihun yaron dare da rana, ba a ƙasan jaka ba, ɗaya a hannun malami. Shi malamin ku nuna masa yadda ake amfani da ita, ku faɗa masa alamun da ba a jira: yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa in ya ja numfashi, leɓensa ya canza launi, ko an shaƙa maganin ba a ga sauƙi ba. A irin wannan sai mota, sai asibiti. Ki sa masa takunkumi biyu ko uku saboda ƙura, ki koya masa in an kunna wuta ya duba inda iska take kaɗa hayaƙi ya zauna a ɗaya ɓangaren. Abokan kwanansa ma su sani. Ba abin kunya ba ne, su ne na farko da za su ji numfashinsa ya canza cikin dare.

To, mu ce wuri ya yi, likita ya yarda. Saura abin da kika faɗa kamar a wuce, wai ko safarsa bai iya wankewa ba. 'Yar'uwa, wannan shi ne ya fi sauƙin gyara, kuma shi ne dalilin kafa sikawut tun asali. Lokacin da Baden-Powell, Baturen da ya kafa sikawut, ya yi sansanin farko a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila a 1907, yara 20 ya ɗauka ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, ya bar musu ɗawainiyar junansu. Da wannan tsarin harkar ta iso Nijeriya a 1915, kuma har yau takensu shi ne zama cikin shiri. Shirin kuwa na yaron ne. In kika yi masa shi, kin karɓe masa rabin amfanin tafiyar.

Na san abin da nake faɗa, domin na taɓa yin wannan kuskuren. Ranar da babban ɗana zai fara zuwa sansani, na jira ya yi barci na shirya masa jaka tsaf. Tocilarsa na zura ta cikin safa, na sa a kwanon cin abinci na rufe don kada ta fashe. Bayan ya dawo yake gaya mini a daren farko fitsari ya matse shi, ya lalube jakar nan sama da ƙasa a cikin duhu bai same ta ba, ga tsoron fita, haka ya takure har aka kira asuba. Tocilar tana nan a inda na sa ta, ni kaɗai na san wurin, ni kuwa ina gida. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Don haka ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zube kayan duka, ke ki zauna a gefe da takardar lissafi kina kira, shi yana ɗauka yana sawa. In ya gama ya zazzage ya sake. Wata rana in an ɗauke wuta ki ce ya ciro miki inhela, ya ciro tocila, ya ciro rigar sanyi, ba tare da haske ba. Sai hannunsa ya san jakar kamar yadda ya san hanyar bakinsa.

Nauyin jakar ma abin lura ne, don mu iyaye mata ƙauna takan sa mu cika kaya. Ki ɗora shi a sikeli, ki ɗora jakar. Kada ta wuce kashi 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Yaron da ya kai kilo 35, jakarsa kilo 5 ne da ɗan ɗoriya, kuma ki tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga shi zai buƙaci lita 2 a tafiyar. Ku tambayi malamin ko bargo da tabarma za su zauna a sansani ranar tattaki, don wannan zai rage masa sosai. Jakar goyo mai hannu biyu masu faɗi za a nema, in da hali mai maɗaurin ƙugu. Abu mai nauyi ya zauna a tsakiya jikin bayansa, kayan kwana a ƙasa, abin da ake nema da gaggawa a sama ko a aljihun gefe. Tufafi a ƙulle su cikin leda saboda raɓa da ƙura.

Takalmi kuwa, ina roƙonki kada ki saya masa sabo ana gobe tafiya. Sabon takalmi kafin a yi kilomita 3 ya yi masa bororo a dunduniya, sauran tafiyar ta zama azaba. Kambas ɗin da ya saba da shi ya fi, matuƙar ƙasansa bai cinye ba. In dole sai sabo, a saya a makon nan ya fara sawa kullum. Safa mai kauri ƙafa uku, silifas na zaman sansani da alwala, a yanke masa farce kwana biyu kafin tafiya. Ki koya masa da ya ji wani wuri a ƙafarsa ya fara zafi ya tsaya ya manna filasta tun bai tashi ba.

Ita ma ƙafar sai an horar da ita. Kilomita 8 da kaya tafiyar awa uku ce ko fiye ga yara, in an haɗa da hutu. Wannan ma aikin babansa ne, kuma ina jin zai so shi. Ranar Asabar bayan gari ya waye su fita tare, makon farko kilomita 2 hannu sake, na biyu 3 da jaka rabi, haka har su kai 6 da cikakken kaya. Wata Asabar ɗin su hau Dutsen Dala, ya ji yadda hawa yake da nauyi a baya. Babansa zai ji numfashin ɗansa da kunnensa, wanda ya fi duk bayanin da za ki yi masa. In yaron ya iya, ke ce hankalinki zai kwanta. In kuma ƙirjin ya gaza, uban zai gani da kansa ba tare da an yi cacar baki ba.

A gida kuma, daga yau shi zai wanke safarsa da kwanonsa, ya ninke bargonsa, ya dafa shayi da taliya kina tsaye a kansa. Ku kafa gidan sauro a tsakar gida ya kwana a waje dare ɗaya ko biyu, shi da ƙaninsa ko wani abokinsa, da ainihin kayan da zai tafi da su. A nan za ku gane ko bargon ya isa. Sanyin hunturu a fili ba irin na ɗaki ba ne, kuma daga ƙasa yake shiga jiki, don haka abin shimfiɗa ya kai abin rufa muhimmanci. Riga biyu ko uku marasa nauyi a kan juna sun fi ƙatuwar guda ɗaya, don rana na ɗagawa zai so ya rage. Hular sanyi, safar kwana daban, da ɗan kwalbar man kaɗe ko basilin saboda leɓe da faso. Abu ɗaya ku ja masa kunne a kai sosai: komai sanyi, ba a shiga da garwashi cikin tanti a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Kyandir da maganin sauro mai hayaƙi ma su tsaya a waje.

Sauran abubuwan daji kaɗan ne, amma a bakinsa nake so su zauna. Ya kakkaɓe takalmi kowace safiya kafin ya zura ƙafa, saboda kunama. Kada ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, in ana tara itace ya fara taɓawa da sanda, kuma ba fita da dare sai da tocila da takalmi da abokin tafiya. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ɓarnarta ce ta sa garin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna da asibitin saran maciji. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kududdufi da dam kuwa, ko abokai sun shiga shi kada ya shiga, ga nutsewa ga tsargiya. Ruwan da bai san asalinsa ba sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko an jefa ƙwayar tsarkake ruwa an jira minti 30. Ki sa masa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti guda uku saboda gudawa, kowanne a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ki rataya masa usur a wuya. In ya waiwaya bai ga 'yan'uwansa ba, ya tsaya cak a inda yake, ya busa sau uku, ya saurara, ya sake. Yaron da ya ɓata ya ci gaba da tafiya shi ne yake wahalar samu. Lambar wayarki da ta babansa ya haddace su, a kuma rubuta a kati tare da bayanin asmarsa a sa a aljihun rigarsa.

Guzuri ba sai na koya miki ba. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, duk ba sa lalacewa ba su da nauyi. Ki ƙara kaɗan don ya ba abokai. Ya tafi da ƙaramar buta, kuma malaminsa na Islamiyya ya bita masa taimama.

Na bar Hajiya zuwa yanzu ne da gangan. Ita ma tsoro ne irin naki, kuma kaka ba a yi mata gardama a kan jika. Amma kada ki ɗauki saƙo tsakaninta da ɗanta, kada kuma ki jingina da ita don ki rinjayi mijinki, wannan yakan bar tabo a gida. In ya dawo daga ganin wurin, shi zai je ya zauna gabanta ya ce, "Hajiya, na je na gani, ga yadda yake, ga abin da likita ya ce, muna neman albarkarki." Tsofaffi sau da yawa abin da yake ɓata musu rai shi ne a yanke magana ba a sa su ciki ba. Ku roƙe ta ta yi masa dambun naman tafiya, yaron ya je ya yi mata sallama da kayan sikawut a jikinsa ta yi masa addu'a.

Maigidanki kuma, ki gane abin da yake nema. Yana so ɗansa ya ɗanɗani abin da shi ya ɗanɗana, ya tsaya da ƙafarsa, kuma wannan buri ne mai kyau. Inda zan tsaya miki shi ne zamanin da ya yi nasa sansanin ba shi ne na yau ba, kuma shi bai tafi da asma ba. Kalmar sangarta ta yi miki zafi, na ji a rubutunki. Ki faɗa masa haka sau ɗaya cikin natsuwa, sannan ki bar aikin makonnin nan ya ba shi amsa.

In kuma amsoshin suka fito rabi da rabi, akwai tsaka-tsaki. Iyaye za su iya haɗuwa su nemi a mayar da kwanan cikin harabar makaranta, tattakin a yi shi da rana a dawo. Na tabbata ba ke kaɗai ba ce kike juyi a kan wannan takardar, ki tuntuɓi iyaye mata biyu ko uku. Babansa zai iya neman ya bi su a matsayin mai taimako, da sharaɗin ya bar yaron cikin rukuninsa kada ya riƙa ɗaukar masa jaka. In likita ya hana kwanan sanyi, a kai shi da safe a ɗauko shi kafin magariba. In ma bana ba ta yiwu ba gaba ɗaya, ku faɗa masa gaskiya, ku ci gaba da fitar Asabar ɗin, ku yi masa alkawarin na gaba in sharuɗɗan sun cika, kuma ku cika. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kuka. Ki bar shi ya yi.

Ranar tafiya, in Allah ya kai mu, ki daure kada ki yi hawaye a gabansa, don yaro yakan ɗauki tsoron uwarsa ya tafi da shi. Ki dafa kansa ki ba Allah ajiyarsa. Ku yi yarjejeniya da malamin ya turo saƙo ɗaya da safe ɗaya da dare ga iyaye duka, ke kuma ki riƙe hannunki daga kira kowace awa. Zai dawo buɗu-buɗu, yana warin hayaƙi, wataƙila safa ɗaya ta ɓata. Ki ba shi ruwan zafi da tuwo, ki bar shi ya yi barci. Washegari ku koma kan tabarmar nan, ya zazzage jakar da kansa ya ware abin da ya yi amfani da shi, abin da bai taɓa ba, da abin da ya nema bai samu ba. Ki duba inhelar ki tambaye shi sau nawa ya shaƙa, ki kai wa likita labari. Ni ma ki rubuto mini, ina so in ji abin da babansa ya gano a "bayan garin" nan.